Taurari Biyar a Ƙofar Dogo

Shekara ashirin da shida na yi ina aikin duba-gari, ina shiga kicin ɗin mutane ina leƙa abin da suke ɓoye wa masu cin abincinsu. Tun daga bakin ƙofa nakan gane warin naman da ya kwana ba sanyi. Na san inda kyankyaso ke ɓuya, na san kalar man suyar da ya gaji. Duk da haka akwai gidan abinci ɗaya da na shiga sau goma sha huɗu, idona biyu, na fito ban ga komai ba. Abin da na gani zan faɗa muku, abin da ban gani ba kuwa mai shi ne ya faɗa mini da bakinsa a kan gadon asibiti, lokacin da ƙarya ba ta da sauran amfani a gare shi.

Dogo ake ce masa. Shagonsa yana bakin wata mararraba kusa da tashar mota, irin wurin nan da mutum zai tsaya a bakin kanta a miƙo masa soyayyar kaza da dankali cikin kwali, ya wuce. Tebur shida ne a ciki, sai akwatin gilashi mai fitila inda ake jera kajin, sai kicin ta baya. Ba mugun mutum ba ne a lokacin. Yana da fara'a da sakin hannu. In yaro ya tsaya yana kallon gilashin sai ya ce, “Kai, kada ka cinye mini kaza da ido, zo ka karɓi fiffike.” Matarsa tana koyarwa a makarantar firamare, kowa na ce mata Malama. Suna da 'ya'ya biyu: babban namiji, wanda ake kira Injiniya saboda tun yana ƙarami ba rediyon da ke kwana lafiya a hannunsa, da ƙaramar mace da suka samu bayan sun fid da rai, Auta. Mahaifiyarsa, Inna, tana zaune a ɗan gidanta tana sayar da zare da maɓalli, tana ci da guminta.

Abin da ke cin Dogo yana tsallaken titi. Wani babban kamfani ya buɗe reshe a can, bango duk gilashi, sanyi na busowa, ma'aikata cikin riguna iri ɗaya. Yakan tsaya a bakin ƙofarsa ya daɗe yana kallon masu shiga can, har sai tsohon mai dafa masa abinci, Baba Kuku, ya leƙo ya ce, “Maigida, kallo ba ya soya dankali.”

A shekarar ce hukumarmu ta fito da tsarin taurari. Duk gidan abincin da muka duba sai mu ba shi daga ɗaya zuwa biyar, a liƙa kwalin a ƙofa, a kuma sa rahoton a shafin hukuma inda kowa zai iya karantawa a wayarsa. Na je wurin Dogo wata safiyar Talata. Firizarsa ba ta riƙe sanyi, don yana kashe ta in an tashi saboda tsadar wuta. Man suya ya yi baƙi kamar na injin mota. Bayan buhunan fulawa kashin ɓera ne birjik, magudanar ruwa ta toshe, kuma katakon da ake yanka ɗanyen nama shi ake yanka kabeji a kai. Na ba shi tauraro ɗaya, da wa'adin kwana talatin: ya gyara ko mu rufe.

Ya biyo ni har bakin mota.

“Yallaɓai, ka duba Allah ka duba iyalina. In aka liƙa wannan kwalin na mutu.”

“Ba ka mutu ba,” na ce masa. “Firiza ɗaya ce, da sabon mai, da mai gyaran magudana. In na dawo na tarar ka yi, uku za ka samu.”

“Su na tsallake nawa ka ba su?”

“Biyar.”

Ya sa hannu a aljihu, na girgiza masa kai, ya fito da hannun wayam.

A gida Malama ta ce za ta ba shi albashinta na wata biyu, ta kuma sayar da 'yan kunnenta, a yi gyaran. Da ya karɓa da yau ba ni da labarin da zan ba ku. Amma Dogo ba uku yake so ba. So yake ya ga an kashe fitilun tsallaken titi. Mai kawo masa kaji ne ya ja shi gefe ya ce akwai wani boka a bayan gari da ba ya sa mutum dogon jira.

Da tsakar rana ya je. Bayan babbar bolar gari akwai wata tsohuwar mayanka da aka daina aiki da ita, rufinta ya zube rabi, ciyawa ta cinye harabar. Ɗaki ɗaya ne ya rage da ƙofa. Ya ce mini abin da ya fara ba shi tsoro shi ne tsaftar wurin. A waje ƙudaje kamar su ɗauke mutum, amma da ya taka cikin ɗakin ko ɗaya babu. Bangon farin tayil ne, ba taga, fitilar mai ɗaya ce ke ci a ƙasa. Ƙugiyoyin da ake rataye nama a da suna nan jere a kan ƙarfe, kowace an maƙale mata kwaɗo a kulle, sun fi ɗari. A tsakiyar ɗakin akwai ramin da jini ke bi a da, an kewaye bakinsa da jan ƙyalle da ƙananan ƙasusuwa, kuma daga cikinsa wata iska mai ɗumi ke fitowa tana komawa, kamar numfashin mai barci.

Bokan yana zaune a gefen ramin. Siriri ne, cikin fararen kaya, farcensa a yanke tsaf. Bai amsa gaisuwa ba.

“Me kake so?”

“Ina so in yi kuɗi.”

“Kowa ma haka. Faɗi abin da ya kawo ka.”

Dogo ya ajiye abubuwan da aka ce ya zo da su: kwalin tauraro ɗaya, da rahoton da na rubuta, da kwalbar tsohon mai, da cinyar kazar da ta fara wari.

“Ina so duk wanda ya shigo duba kicin ɗina ya ga tsafta. Duk wanda ya ci abincina ya dawo gobe.”

“Ko da ruɓaɓɓe ne?”

Dogo ya dubi cinyar kazar. Sannan ya ce, “Ko da ruɓaɓɓe ne.”

Bokan ya ɗauki rahoton ya kai kusa da fitila, ya ɗora yatsa a kan sa hannuna.

“Mai wannan hannun, da duk wanda zai zo a madadinsa, idonsu ya zama naka. Wannan mai sauƙi ne. Amma ka ji da kyau. Ni ba na kashe cuta. Ba a kashe ta a nan, hanya kawai ake sauya mata. Duk wanda ya biya ya ci, ba abin da zai same shi. Abin da ya kamata ya same shi zai bi masu ci a hannunka kyauta.”

Dogo ya tuna ɓerayen bayan buhuna da kyanwoyin da ke jiran ƙashi a bayan shago. Ya yi 'yar dariya.

“Ɓeraye? Su ɗauka, na yafe musu.”

“Ni ban ce ɓeraye ba. Ban kuma ce ba su ba.”

“Ni dai ba na ba da jinin mutum.”

“Na tambaye ka jini?”

“To nawa zan biya?”

“Ba na karɓar kuɗi. Wanda nake wa aiki shi zai karɓi nasa, a lokacinsa.”

Da ya zo nan a labarin, a asibiti, Dogo ya juya fuskarsa bango ya ce, “Yallaɓai, wani abu a ƙasan zuciyata ya ce in sake tambaya. Na ƙi tambaya don kada ya ba ni amsa.”

Bokan ya ƙone kwalin da rahoton, ya zuba tokar cikin man, ya dama da yatsa. Ya shafa wa Dogo a fatar ido da kan harshe. Sauran ya juye a wata 'yar baƙar tukunya tare da cinyar kazar, ya sa Dogo ya tofa yawu a ciki sau uku, ya liƙe bakin da laka. Sannan ya miƙa masa sabon kwaɗo ya ce ya rataya a ƙugiya ya kulle da hannunsa. Da kwaɗon ya ce ƙwas, numfashin ramin ya tsaya cak, fitilar ta dusashe, sannan ta dawo.

“Ka binne tukunyar a ƙarƙashin firizarka. Daga yau kada ka zubar da komai. Abin da ya lalace ka soya ka sayar.”

Ranar da wa'adi ya cika na koma. Wallahi na ga kicin da ban taɓa ganin irinsa ba. Ƙasa na ɗaukar ido, man suya garau kamar zuma, ma'aunin da na tsoma a firiza ya nuna sanyin da ake so. Na sa fitila bayan buhuna, na shafa ƙarƙashin tebur da farin ƙyalle, ya fito fari. Baba Kuku yana tsaye a gefe ya toshe hanci da tawul, yana kallona kamar ya ga mahaukaci.

“Yallaɓai,” ya ce a hankali, “ka duba da kyau kuwa?”

“Baba, aikina za ka koya mini?”

Na liƙa taurari biyar a ƙofar da hannuna, har na yaba wa Dogo a gaban ma'aikatansa.

Kafin wata uku layi ya kai bakin titi. Wanda ya ci sau ɗaya sai ya ji ba abin da ke masa daɗi sai kazar Dogo. Shi kuwa ya daina sayen kaya masu kyau. Kajin da suka mutu a mota, naman da firizar wasu ta lalata, fulawar da ta yi tsutsa, duk a kawo masa ta ƙofar baya kusan a banza. Ma'aikatan kicin suna gani. Wasu suka gudu, wasu suka zauna don ya ninka musu albashi, kuma da suka ga ba wanda ya yi ko ciwon ciki sai suka lallashi zuciyarsu. Wani ya taɓa ɗaukar hoto da waya don ya nuna wa mutane, hoton ya fito da kicin fes.

Ya buɗe reshe na biyu, da na uku, duk daga wannan kicin ake kai musu. Na tsallaken titi suka kwashe kayansu. Ya gina gidan sama, ya sayi motoci. Ya ce Malama ta ajiye koyarwa, matar mai arziki ba ta shan ƙurar alli. Ya je ya ɗauko Inna, ya ce ta gama wahala, ya ba ta ɗaki mai banɗaki a ciki. Doka ɗaya ya kafa a gidan: kada a kuskura a shigo da abincin shago. Daga kasuwa ake sayo musu mafi kyawun komai, a dafa a gida. Yana ganin da haka ya toshe ƙofa.

A shekara ta biyu Inna ta kwanta. Amai da gudawa, kwana uku, ƙarin ruwa bai zauna a jikinta ba. Likita ya kira Dogo gefe ya ce gwaji ya nuna irin ƙwayar cutar da ake samu a ruɓaɓɓiyar kaza. Malama ta ce Inna ta shekara biyar ba ta sa nama a baki ba, ba ta da haƙoran taunawa. Likitan ya ɗaga kafaɗa. Kafin ta cika ta riƙe hannun ɗanta ta ce, “Ka kula da ni, ɗan nan. Allah ya yi maka albarka.” Ya ce wannan addu'ar ta fi duk zagin duniya yi masa zafi.

Ya ce wa kansa ai tsufa ne. Amma a zaman makoki ya sa aka dafa abinci mai yawa daga kasuwa aka raba wa maƙwabta da masu zuwa gaisuwa, kuma kafin kwana biyu mutum goma sha ɗaya suna kwance a asibiti. Ba wanda ya mutu a cikinsu. A nan ya gane sarai abin da aka faɗa masa. Ba abincin shago kaɗai ba ne. Duk lomar da kuɗinsa ya saya, in aka ci ba a biya ba, hanya ce.

Nan ne ya kamata ya tsaya. A lokacin yana shirin buɗe reshe na huɗu. Sai ya nemi dabara. Mutumin da ke miƙa wa yara fiffike ya koma ko ruwa ba ya ba baƙo, unguwa ta sa masa suna marowaci. A gida kuma ya ajiye gwangwani a kan teburin cin abinci, ya ce sabon wasa ne: kowa sai ya jefa kwabo kafin ya ci, kamar a shago. Malama ta ce wannan wane irin shirme ne. Auta kuwa, tana shekara bakwai, wasan ya yi mata daɗi. Ita ke tsare gwangwanin, tana hana yayanta cokali sai ya biya. Dogo bai tsaya ya yi tunanin daga aljihun wa kwabban ke fitowa ba.

Wata takwas aka samu lafiya. Ran nan aka kira daga makaranta aka ce Auta ta faɗi a aji. Kwana huɗu ta yi. Jikinta ya zube har zoben wasan da ke yatsanta ya sulluɓe. A rana ta ƙarshe ta buɗe ido ta ga mahaifinta a durƙushe bakin gado yana kuka, sai ta ɗauka laifi ta yi.

“Baba, na sa kuɗina a gwangwani. Ban manta ba.”

“Na sani, uwata. Na sani.”

Bayan sati biyu da binne ta Baba Kuku ya zo ofishinmu. Ya cire hula ya zauna a bakin kujera.

“Yallaɓai, shekara uku ina soya mushe. Tsutsa nake sharewa da tsintsiya kowace safiya. Yarinyar nan a hannuna ta koyi tafiya. Ban san me maigida ya yi ba, amma na san abin da ke kashe gidansa daga kicin ɗin nan yake fitowa. Ka zo ka rufe shi.”

Na ɗauko fayil ɗin na buɗe masa rahotanni shida, kowane da sa hannuna. Duk da haka washegari na ɗauki abokin aikina muka je ba sanarwa. Mu biyu muka duba, mu biyu muka ga tsafta. Na ce wa tsohon in saɓani ne tsakaninsa da maigidansa, kada ya sa hukuma a ciki. Ya dube ni, ya cire rigar aikinsa ya ninke a kan kanta, ya fita. Ban sake ganinsa ba, kuma har yau ban sami damar neman gafararsa ba.

Malama ce ta biyo baya, amma ita ba cikinta abin ya kama ba. Wari ta fara ji. Ta ce labule na wari, matashin kai na wari, ruwan famfo na wari. Ta zuba shinkafa a faranti ta ga tana motsi. Ta dinga wanke hannu da ruwan zafi da sabulun wanki har fatar ta saluɓe. Wata rana ta tare Dogo a falo, guga a hannunta, idonta a bushe.

“Baban Auta, warin nan daga jikinka yake fitowa. Me ka yi?”

“Ba abin da na yi. Ki kwantar da hankalinki.”

“Na ce in ba ka 'yan kunnena. Ka tuna? Na ce in ba ka.”

Daga ranar ba ta ƙara yi masa magana ba. Yayanta ya zo ya ɗauke ta ya kai ta asibitin masu taɓin hankali, ya kuma rantse ba zai karɓi ko sisin Dogo ba. Fushin nan nasa shi ya bar ta da rai. Na taɓa zuwa duba kicin ɗin asibitin na gan ta a baranda, a durƙushe, tana goge wuri ɗaya da gefen zaninta, tana kiran sunayen yaran ajinta na da ɗaya bayan ɗaya.

Saura Injiniya. Yana shekara ashirin, yana karatu a kwaleji, sai ya fara rama, cikinsa na murɗawa. Dogo ya koma tsohuwar mayanka a guje.

“Ka karɓi komai. Shaguna, gida, motoci. Ka bar mini yaron.”

“Ba ni nake karɓa ba, na faɗa maka.”

“To a warware.”

“Ana warwarewa. Ka tono tukunyar ka buɗe da hannunka. Abin da ya taru a ciki zai bi wanda ya buɗe, gaba ɗaya.”

“Ba wata hanya?”

“Akwai. Yaron ya daina ci a hannunka.”

Dogo ya zaɓi ta biyu. Ya san in ya faɗa wa ɗansa gaskiya ba zai tafi ba, don haka ya kira shi shago, a gaban ma'aikata da masu sayen abinci, ya ce ya gano shi ke ɗibar masa kaya yana sayarwa.

“Baba, ni?”

“Kai. Daga yau ba ni ba kai. Kada in sake ganin ƙafarka a gidana, kuma ka nemi mai biya maka makaranta.”

Yaron ya tsaya yana kallonsa. Ya ajiye mukullin mota a kan kanta ya fita da rigar da ke jikinsa. Ya bar karatu, ya shiga koyon gyaran firij a wurin wani mutum. Cikin wata ɗaya ya warke sumul.

Shekara uku Dogo ya ƙara yi a haka, shi kaɗai a gidan sama mai ɗaki tara, kuɗi na shigowa kamar ruwa, ba mai ci. Ni kuma duk wata shida ina zuwa ina sabunta masa taurarinsa. Sai wata rana ya ji Injiniya ya yi aure har an haifa masa 'ya. Ya shiga kanti ya sayi gwangwanin madarar jarirai da 'yan riguna, ya tuƙa har bakin layin da suke haya. Ya hango matar ɗansa zaune a ƙofa da jaririyar a cinya. Ya kai hannu zai buɗe mota, sai ya dubi gwangwanin. Ya ce awa biyu ya yi a zaune da shi a hannu. Ya juya ya tafi.

Washegari da safe na tarar da shi a ƙofar ofishina.

“Yallaɓai, ka zo ka rufe ni.”

“In rufe ka a kan me? Ba wanda ya kai ka tsafta a garin nan.”

“Ka zo dai. Ka taho da takardunka.”

Ƙarfe goma muka isa, ni da abokin aikina. Ya sallami masu cin abinci, ya ce ma'aikata su fita. Shi kaɗai ya ture firizar, ya ɗauki guduma ya fasa tayil, ya tona da hannu har ya fito da 'yar baƙar tukunya. Ya dube ni ya ce, “Ka yafe mini abin da na yi wa idonka.” Sannan ya ɓare lakar.

Warin ne ya fara buge mu. Abokin aikina ya durƙusa yana amai. Na ɗaga kai na ga kicin ɗin da na shekara bakwai ina yabo. Bangon ya yi baƙi da maiƙo, kyankyasai sun rufe silin. Firizar ko wayar wuta ba ta da ita, cike take da kaji kore da shuɗi suna narkewa cikin ruwansu. Man da ke kasko ya yi kauri kamar kwalta, da gawar ɓera a ciki. Tsutsa na zubowa daga teburin da na sha shafawa da farin ƙyalle. Na dubi takalmina na ga na nutse cikin ƙazanta har idon sawu.

Na ciro takarda na fara rubutu. Kafin in cika shafin farko Dogo ya faɗi.

Kwana goma sha tara ya yi a asibiti. Likitoci suka ce ba su taɓa ganin cututtuka iri-iri haka a cikin mutum ɗaya ba, in sun danne wannan sai waccan ta taso. Ba mai zuwa duba shi sai ni. A cikin waɗannan kwanaki ya ba ni labarin nan, kaɗan-kaɗan, tsakanin amai da suma. Ya roƙe ni kada in sanar da ɗansa sai an binne shi, kuma kada yaron ya gaji ko cokali. Wannan bai zama matsala ba. Tara da shari'a suka cinye dukiyar, gidan saman kuma har yau ba wanda ya yarda ya saya. Mu biyar muka raka gawarsa.

Ni ma ban tsira ba. Hukuma ta baje rahotannina goma sha huɗu a kan tebur, ta ajiye na ƙarshen a gefensu, ta ce in yi bayani. Me zan ce? Aka rubuta cewa cin hanci na yi, aka sallame ni. Ban ɗaukaka ƙara ba. Mutumin kirki ya zo har ofishina ya faɗa mini gaskiya, na fifita takarda a kansa.

Kwana uku da binne Dogo na nemi shagon da Injiniya ke aiki. Na same shi kwance a bayan wata firiza yana ɗaure waya. Na gabatar da kaina, na zauna a kan benci na faɗa masa komai, tun daga mayanka har gwangwanin madara. Bai katse ni ba. Da na gama ya tashi zaune ya goge hannu.

“Tun rasuwar Inna Baba ya sani?”

“Ya sani.”

“Kuma ya ci gaba.”

“Ya ci gaba.”

Ya jawo akwatin kayan aikinsa.

“Ya iya korata don in rayu. Amma bai iya rufe shago don Auta ta rayu ba.”

Na faɗa masa inda kabarin yake. Ya ce ya gode, ya koma bayan firizar. Har na kai bakin titi ban ji ƙarar aiki ba. Ko ya je daga baya, ban sani ba.

Ku da kuke tsaye a ƙofar ɗan abin da Allah ya ba ku kuna kallon na tsallaken titi, ku ji ni. Dogo ba yunwa ce ta kai shi wurin boka ba, yana da abin ci, yana da mai son sa, yana da hanyar gyara a buɗe. Haɗama ce ta kai shi. Duk wanda ya ce zai ba ku arziki cikin dare ɗaya bai kuma faɗi farashi ba, ku sani ya riga ya leƙa gidanku ya zaɓa, kuma ba da ku zai fara ba. Zai fara da tsohuwar da ke sa muku albarka, da yarinyar da ke rugowa ta tare ku a ƙofa, ya bar ku da rai ku ga komai da idonku.